Auna Makomar Matashin Ɗan Ƙwallo: Darussa Daga Filayen Adjamé da Treichville

Gabatarwa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga cikin ayyukan da ke kewaye da wasannin zamani, da wuya a sami wanda ya kai auna makomar matashin ɗan wasa wahala, domin ana buƙatar mai aikin ya dubi yaro ɗan shekara 13 ko 15, wanda jikinsa bai gama ginuwa ba, hankalinsa kuma bai gama natsuwa ba, ya faɗi abin da zai zama nan da shekara goma, sannan a zuba kuɗi da lokaci a kan maganar tasa. Masu wannan aiki su ne ake kira masu farautar 'yan wasa, wato ma'aikatan da ƙungiyoyi ke aikawa filayen unguwanni da ƙananan gasanni domin su zaƙulo yara masu baiwa. Wannan lacca za ta duba ma'aunan da suke amfani da su, ta ɗauki misalanta daga birnin Abijan, ta kuma leƙa wasan besbol na Amurka, inda aka fi ko'ina tsara wannan aiki a rubuce. Abin da take son tabbatarwa shi ne, abubuwan da suka fi ɗaukar idon ɗan kallo a jikin yaro su ne suka fi saurin gushewa, waɗanda kuma ke ɗorewa sai an natsu kafin a gan su.

Unguwannin da ake magana a kansu

Treichville tana kudancin tafkin Ébrié, a kan tsibirin Petit-Bassam, kusa da tashar jiragen ruwan da aka buɗe a 1951, Adjamé kuwa tana arewa da Plateau, ita ce mai babbar kasuwa da tashar motocin da ke zuwa ƙasashen maƙwabta. A waɗannan unguwanni biyu Hausawan Nijar da Nijeriya suka daɗe da zama, suna fatauci da fawa da sayar da tsire da garba, 'ya'yansu da aka haifa a nan kuma suna tashi a titi ɗaya da 'ya'yan Jula da Bawule da Mosi, suna buga ƙwallo ɗaya. Wasan da ya fi yaɗuwa a titunan shi ne marakana, wato ƙwallon mutum shida-shida a ƙaramin fili mai ƙananan raga, ba tare da mai tsaron gida ba, kuma ƙuncin filin ne ke tilasta wa yaro ya koyi riƙe ƙwallo da saurin rabuwa da ita.

Kowace daga cikin unguwannin tana da nata tarihin a wannan fage. Adjamé ce gidan ƙungiyar Stella, wadda ta ci kofin CAF a 1993 bayan ta doke Simba ta Tanzaniya, kuma daga cikinta Franck Kessié ya tafi Atalanta ta Italiya a 2015, shi ne kuma ya farke ƙwallon da Nijeriya ta fara ci a wasan ƙarshe na kofin Afirka ranar 11 ga Fabrairu, 2024, wanda Kodebuwa ta ci biyu da ɗaya. A Treichville kuwa hedikwatar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar take. Saboda haka yaron da ya tashi a nan yana ganin hanyar a gabansa, mahaifinsa kuma ba ya rasa mai zuwa ya ce masa ɗansa zai kai Turai.

Girman jiki da yawan ƙwallaye

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a sha'anin yaran ƙwallo wannan karin magana yana buƙatar sharaɗi, domin Larabar tana yawan ruɗar mai dubawa. Dalili na farko shi ne balaga. Yara maza suna yin babban tsiron tsawo a wajen shekara 13 zuwa 14, sai dai wani yana riga sa'o'insa da shekara biyu, wani kuma yana makara da kamar haka, ta yadda a aji ɗaya za a sami mai jikin saurayi da mai jikin yaro ƙarami. Wanda ya riga balaga yana ture abokan wasansa, ya tsere musu da gudu, ya ci ƙwallaye da yawa, amma fifikon nasa aro ne, ranar da sa'o'insa suka kamo shi sai a ga ko yana da wani abu bayan ƙarfi. Masu bincike a Kanada sun nuna tun a 1985 cewa waɗanda aka haifa a watannin farko na shekara sun fi yawa a manyan ƙungiyoyin wasan hoki na ƙanƙara, don kawai sun ɗan girmi abokan ajinsu a lokacin da ake zaɓe, daga baya kuma aka sami irin wannan sakamako a ƙwallon ƙafa.

Dalili na biyu shi ne rage shekaru. A ƙasashen da ba kowace haihuwa ake yi wa rajista a kan lokaci ba, inda takardar kotu ke maye gurbin takardar haihuwa, yana da sauƙi ɗan shekara 20 ya shiga gasar 'yan ƙasa da 17. Kamar yadda mai sayen ragon turka a kasuwar dabbobi ba ya wadatuwa da ƙibar ragon sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, domin kuɗinsa yana kan girman da ya rage wa ragon ne, haka mai farautar 'yan wasa yake fara tambayar shekaru kafin komai. Tun daga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, hukumar FIFA take amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton wuyan hannu, inda ake duba farantin girma, wato guringuntsin da ke ƙarshen ƙashi, wanda ke haɗewa ya zama ƙashi idan mutum ya gama girma. Da wannan gwaji ne Kamaru ta sallami 21 daga cikin yara 30 da ta tara a daidai shigowar 2023. Gwajin yana iya zaluntar yaron da ya yi saurin girma, yana kuma iya barin wani babba ya wuce, amma ya rage ɓarnar ƙwarai.

Ko da shekarun gaskiya ne, yawan ƙwallaye a gasar matasa ba ya yanke hukunci. Souleymane Coulibaly na Kodebuwa ya ci ƙwallo tara a wasa huɗu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Meziko a 2011, uku daga ciki a ragar Brazil, Tottenham ta Ingila ta ɗauke shi a shekarar, amma bai taɓa buga wa babbar tawagarta wasan gasa ba, ya ci gaba da sana'arsa a ƙungiyoyin Sikotland da Masar da Tunisiya. Victor Osimhen na Nijeriya ya ci goma a irin wannan gasa a Chile a 2015, ya je Wolfsburg ta Jamus ya kasa cin ko ɗaya, sai da ya sauka zuwa Charleroi ta Beljiyam ya farfaɗo, kafin ya ci 26 a kakar da Napoli ta lashe gasar lig ta Italiya a 2023. Didier Drogba kuwa, wanda aka haifa a Abijan a 1978, bai sa hannu a kwantiragin ƙwararru ba sai yana da shekara 21 a Le Mans, kuma yana da 26 Chelsea ta saye shi. Mutum uku ke nan da alƙalumansu na ƙuruciya ba su nuna hanyar da za su bi ba.

Darasi daga wasan besbol

Besbol wasa ne da ake jefa ƙaramar ƙwallo mai tauri daga nisan mita 18.44 zuwa ga mai riƙe da kulki, shi kuma ya yi ƙoƙarin dukanta, mai jifa kuwa shi ne ƙashin bayan tawaga. Kowace daga cikin manyan ƙungiyoyi 30 na Amurka da Kanada tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, hawa-hawa, inda matashi ke shafe shekaru yana hawa mataki bayan mataki kafin ya isa babbar gasa. Masu farautar 'yan wasa a can suna ba da maki daga 20 zuwa 80, inda 50 ke nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasa, kuma ba sa ba yaro maki ɗaya dunƙule. Suna rarraba shi ne: maki ga saurin jifa, wanda a yau ya haura kilomita 150 a sa'a ga matsakaicin ƙwararre, maki ga jifar da ke lanƙwasa a iska, maki ga jifar yaudara, wadda ke fita daga hannu kamar mai sauri amma ta iso a hankali, da maki ga saiti, wato iya ajiye ƙwallo daidai inda ake so. Kowane fanni kuma ana rubuta masa lamba biyu, ta yau da ta hasashen gobe.

Abin koyi a nan shi ne yadda suke raba abin da ake iya koyarwa da wanda ba a iyawa. Dogon yaro siriri mai shekara 18 da ke jifa a matsakaicin sauri yana iya fin gajere kakkaura mai saurin jifa daraja a wurinsu, domin na farko yana da sauran wurin ƙara tsoka. Suna zama a bayan raga su lura ko ƙafarsa tana sauka a wuri ɗaya a kowace jifa, ko gwiwar hannunsa tana tashi zuwa tsayi ɗaya a jifa ta 10 da ta 80, domin wanda motsinsa ke sauyawa idan ya gaji saitinsa zai lalace, rauni kuma yana jiransa. Idan suka zo ga alƙaluma, sukan fifita yawan waɗanda ya fitar ba tare da sun taɓa ƙwallo ba da ƙarancin waɗanda ya bari suka wuce kyauta, a kan yawan nasarorin tawagarsa, tunda nasara aikin mutum tara ce. Sannan suna gwama komai da shekarunsa, domin ɗan 19 da ke fafatawa da 'yan 23 yana samun matsakaicin sakamako ya fi ɗan 24 da ke danne yara.

Duk da wannan tsari, masana wasan suna da wata magana da ta shahara a tsakaninsu, mai nuna cewa babu matashin mai jifa da za a iya dogara da makomarsa, saboda gwiwar hannu da kafaɗa ba a halicce su don irin wannan aiki ba. Tiyatar sauya jijiyar gwiwar hannu da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 ta zama ruwan dare, kuma jinyarta takan ci fiye da shekara guda. Brien Taylor, wanda Yankees ta birnin New York ta zaɓa a matsayi na ɗaya a duk ƙasar a 1991 ta kuma biya shi dala miliyan 1.55, ya ji rauni a kafaɗa a wani faɗa a 1993, bai taɓa jifa a babbar gasa ba. Shi ya sa rahoton ƙwararre a can yake ƙunsar abu uku: matsayi mafi girma da yaron zai iya kaiwa, matsayin da aka fi zaton zai tsaya, da girman haɗarin da ke tsakani.

Ma'aunin Sol Béni

Abijan tana da nata gwajin, wanda ya shiga tarihin ƙwallon Afirka. Tsakanin 1993 da 1994, shugaban ƙungiyar ASEC Mimosas, Roger Ouégnin, da tsohon ɗan wasan Faransa Jean-Marc Guillou suka kafa makarantar horar da yara wadda ta zauna a Sol Béni, a bakin tafki, bayan sun kalli dubban yara a wasannin unguwanni sun zaɓi kaɗan. Guillou bai damu da tsawo ko ƙirji ba, ya nemi yaron da ƙwallo ke bin umarnin ƙafarsa kuma yake fahimtar wasa, shi ya sa Bakari Koné da Arthur Boka, waɗanda dukansu ba su kai mita 1.70 ba, suka sami gurbi. Yaran suna atisaye ba takalmi, sai wanda ya ci jarrabawar sarrafa ƙwallo ake ba takalmin, ana kuma ciyar da su, a duba lafiyarsu, a koya musu karatu.

Ranar 7 ga Fabrairu, 1999, bayan manyan 'yan wasan da suka ci wa ASEC kofin zakarun Afirka a 1998 sun watse, aka fito da waɗannan yara, mafi yawansu ba su cika shekara 20 ba, suka doke Espérance ta Tunisiya da ci uku da ɗaya a wasan zakaran zakaru. Daga wannan makaranta Kolo Touré da ƙanensa Yaya, da Didier Zokora, da Aruna Dindane, da Emmanuel Eboué, da Salomon Kalou suka fito. Da Guillou ya koma Beveren ta Beljiyam, ƙungiyar ta fito da 'yan Kodebuwa goma cikin sha ɗaya a wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 2004.

Abin da irin wannan ido ke nema ana iya ganinsa a kowane wasan marakana na yamma a Treichville, idan mai kallo ya ɗauke idonsa daga ƙwallo ya sa shi a kan yaro guda. Zai lura ko yaron yana waiwayawa hagu da dama tun ƙwallo ba ta iso ba, domin mai yin haka ya riga ya san inda zai kai ta. Zai duba taɓawar farko, ko tana ajiye ƙwallon a gefen da babu abokin hamayya ko tana mayar da ita cikin cunkoso. Zai ga ko yana amfani da ƙafar da bai saba da ita ba idan an toshe masa ɗayar, ko yana matsawa wani gurbi bayan ya ba da ƙwallo, da kuma abin da yake yi a daƙiƙoƙin da suka biyo bayan an ƙwace masa ita, ko ya bi ta ko ya tsaya yana ɗaga hannu. Waɗannan siffofi ba sa raguwa idan sa'o'i suka girma, ƙarfin da zai zo daga baya ma ƙara musu amfani yake yi.

Ko a nan hasashe bai cika ba. Arsenal ta sayi Kolo Touré a 2002 a kan fam 150,000, ta jarraba shi a wurare daban-daban kafin kocinta Arsène Wenger ya mayar da shi tsakiyar baya, inda ya buga kakar 2003 zuwa 2004 da ba a ci ƙungiyar ko sau ɗaya ba a gasar Firimiya. Yaya ya yi gwaji a wannan ƙungiya a 2003 ba a ƙulla ba, ya bi ta Yukiren da Girka da Monako kafin ya isa Barcelona a 2007, ya kuma zama gwarzon Afirka sau huɗu a jere daga 2011 zuwa 2014. A gefe guda, da yawa daga cikin abokan karatunsu, waɗanda aka zaɓa da ma'auni ɗaya aka horar a fili ɗaya, sun ƙare a ƙananan ƙungiyoyi ko sun bar wasan tun da wuri.

Lafiya da hali

Akwai abubuwa biyu da ba a ganinsu a wasa ɗaya. Na farko lafiya ce, musamman ta zuciya. A 1996 likitocin Inter Milan suka gano lahani a zuciyar Nwankwo Kanu, aka yi masa tiyata a Amurka ya dawo ya buga shekaru masu yawa, alhali Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas a 1989, Marc-Vivien Foé a Lyon a 2003, Cheick Tioté na Kodebuwa kuma a wurin atisaye a Beijin a 2017. Gwajin bugun zuciya da hotonta ba su da tsada idan aka kwatanta da abin da suke karewa, kuma makarantar da ba ta yin su ba ta cancanci a ba ta yaro ba. Na biyu hali ne, wato zuwa atisaye a kan lokaci, karɓar gyara, jure zaman benci, da iya rayuwa a ƙasar sanyi nesa da dangi. Ƙwararren mai farauta yakan kalli yaro sau da yawa, a gida da waje, a ranar nasara da ranar kaye, ya kuma tambayi malaminsa da kocinsa na unguwa, domin su suka san shi a ranakun da babu baƙo a bakin fili.

Auna mai aunawa

Tunda iyaye ba ƙwararru ba ne a wannan fage, abin da ya fi musu sauƙi shi ne su auna wanda ya zo da maganar, kuma ɗan kasuwar Adjamé ya san wannan aiki sarai a harkarsa ta yau da kullum. Sashe na 19 na dokokin FIFA kan sauya sheƙa ya hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa, sai a 'yan yanayi kaɗan, kamar iyayensa su ƙaura don dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Ahmed Musa, bayan ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010, sai da ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 aka kammala komawarsa VVV-Venlo ta Holan. Don haka duk wanda ya yi alƙawarin kai ɗan shekara 15 wata ƙungiyar Turai yana faɗin abin da doka ba ta yarda da shi ba. Ƙungiyar gaskiya takan aiko da takardar gayyata da za a iya tantancewa, ita ke ɗaukar nauyin tafiyar, wakilin ɗan wasa kuma tun 2023 sai ya riƙe lasisin FIFA. Ƙungiyar Foot Solidaire, wadda tsohon ɗan wasan Kamaru Jean-Claude Mbvoumin ya kafa a Faransa, an kafa ta ne domin tallafa wa yaran Afirka da aka karɓi kuɗin iyayensu aka yasar da su a biranen Turai ba takarda ba ƙungiya.

Doka ta kuma tanadi haƙƙin masu raino. Ana biyan diyyar horarwa ga ƙungiyoyin da suka riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 21, ana kuma ware kashi biyar cikin ɗari na kuɗin sayar da shi zuwa wata ƙasa ga waɗanda suka horar da shi tsakanin 12 da 23. Wannan haƙƙi yana samuwa ne kawai idan an yi wa yaron rajista a hukumar ƙwallo da sunansa da shekarunsa na gaskiya, abin da ke nuna cewa rage shekaru yana cutar da yaron da ƙungiyar unguwarsu baki ɗaya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ingantaccen hukunci a kan matashin ɗan wasa yana farawa da tabbatar da shekarunsa da matakin balagarsa, ya rarrabe baiwarsa fanni-fanni, ya fifita fahimtar wasa da sarrafa ƙwallo a kan ƙarfi da yawan ƙwallaye, ya haɗa da shaidar likita da ta waɗanda suka san halinsa, sannan ya faɗi haɗarin a fili. Idan ƙungiyoyin Amurka masu na'urori da likitoci, da makarantar da ta fitar da gwarzon Afirka, suna kuskure a kan da yawa daga cikin waɗanda suka zaɓa, to wanda ya zo wa mahaifi da tabbaci ya cancanci a yi shakkarsa. Abin da ya dace ga iyalan Adjamé da Treichville shi ne su bar yaro mai baiwa ya buga ƙwallonsa a ƙungiya mai rajista, su riƙe masa karatun boko da na addini da sana'ar gida har zuwa ranar da zai sa hannu a kwantiragin da aka karanta aka fahimta, kada kuma su sayar da shago ko fili a kan hasashen da masu shi kansu ba sa rantsewa a kai. Allah Ya shirya zuri'a, Ya sa albarka a abin da suka sa gaba.